Shugaba da Mutanensa: Darasi Daga Tarihin Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata tambaya wadda ba a yi mana ita a ɗakin jarrabawa, amma tana nan tana jiran kowannenmu a bakin ƙofa. Tambayar kuwa ita ce: idan aka ɗora wa mutum shugabanci, su wa zai ɗauka su taya shi aiki, kuma ta yaya zai haɗa kansu har su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya? Yawancinmu 'yan shekaru kaɗan suka rage mu bar jami'a. Wani zai sami kansa shugaban makaranta, wani babban jami'i a ma'aikata, wani mai kamfanin kansa, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a jibge masa takardun masu neman aiki a ce ya zaɓa. A ranar nan ne zai san yawan 'yan'uwansa da surukansa da abokan mahaifinsa.

Akwai littattafan Turawa da yawa a kan wannan batu, ba kuwa na raina su ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka na ga ya fi kyau in waiwayi tarihin ƙasar da na fito, wato yammacin Kano. Wanda ya fita daga birni ta Kabuga, ya wuce Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya kai Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, ba abin da zai gani sai gonakin dawa da gero da masara da 'yan kasuwannin bakin hanya. Amma a wannan yanki ne aka soma gwagwarmayar da ta kawar da sarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru a Kano. Idan kuwa aka duba da kyau, babban abin da ya raba mai nasara da wanda aka kayar shi ne irin mutanen da kowannensu ya tara a gefensa.

Shawarar Shehu Magili

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san ma'aunin da Kanawa suke da shi tun da daɗewa. Wajen shekarar 1492 wani babban malami mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ya rubuta wa sarkin ɗan littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, wanda aka sani da Tajuddini. Abin alfahari ne gare mu mutanen yamma cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka zurfafa bincike a kan wannan malami ɗan Gwarzo ne, wato marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1972 da nazari a kan rayuwar Magili da koyarwarsa, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Kano.

Babi guda na littafin kacokan a kan tsara ma'aikata yake. Magili ya lissafa irin mutanen da mai mulki yake bukata, ya haɗa kowane aiki da halin da ya dace da shi. Ya nemi hankali ga masu ba da shawara, amana ga masu riƙe dukiya, ya ce a sami marubuta da masu lissafi don kiyaye abin da ya shiga da abin da ya fita, ya kuma nemi wazirai waɗanda tsoron mutum ba ya rufe musu baki. Har wa yau ya yi ta nanata gargaɗi a kan shugaban da ke shigewa ɗaka ya bar talakawa ba su ganinsa. Abin lura a nan shi ne malamin aikin ya fara bayyanawa tukuna, sa'an nan ya faɗi wanda ya cancance shi. Mu kuwa a yau sau da yawa mutumin muke fara samu, daga baya mu shiga neman kujerar da za mu ɗora shi a kai.

Alwali da Fadawansa

Shekara ɗari uku bayan haka, sarautar Kano tana hannun Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781. A ido babu abin da ya rasa: ga birni mai ganuwa, ga dawakai da 'yan lifida da 'yan sulke, ga sarakunan manyan garuruwa irin su Rano da Gaya da Dutse da Ƙaraye a ƙarƙashinsa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, sai ya aika wa sarakunan ƙasar Hausa takarda yana kiran su su goyi bayan gyara. Ruwayar Kano ta nuna cewa Alwali ya so ya karɓi kiran, amma manyan fadarsa suka hana shi, wanda kuwa aka fi ambata a cikinsu shi ne Ciroma Ɗan Mama. Wannan Ciroman da ya zuga sarki ya ƙi sulhu, shi ne kuma aka ruwaito ya haɗa baki da masu jihadi a ɓoye sa'ad da ya ga inda al'amari ya dosa, har ya tsira da matsayinsa bayan ubangidansa ya rasa kome.

Ba ina nufin mutum guda ne ya kayar da Alwali ba. Akwai kukan talakawa a kan haraji, akwai na makiyaya a kan jangali, akwai kuma malamai da ke ganin an cakuɗa addini da al'adun gargajiya. Amma shugaban da ke da masu gaya masa gaskiya yakan ji irin wannan kuka tun bai yi ƙarfi ba. Idan kuwa kowane bafade sai ya auna abin da zai samu kafin ya buɗe baki, to sarki shi ne na ƙarshe da zai san halin da ƙasarsa take ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jama'ar Kwazazzabo

Shugabannin jihadin Kano ba daga gida ɗaya suka fito ba. Akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir da Malam Abdurrahmanu Goshi na Yolawa, da Malam Dabon Dambazau na Dambazawa, da Malam Ɗan Zabuwa na Danejawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa can gabas. A cikinsu akwai malaman Hausawa, irin su Malam Usmanu Bahaushe. Kowannensu yana da almajiransa da danginsa da yankin da ake jin maganarsa, kuma ba wanda zai ce shi ne ubangidan sauran. Yawancinsu suka yi hijira suka taru a wani wuri yamma da birni da ake kira Kwazazzabon 'Yar Kwando.

Alwali ya yi ta aika musu runduna bayan runduna, suna kora. Da ƙafarsu ta yi ƙarfi sai suka fito suka bi garuruwan da ke kusa, wato Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya, waɗanda a yau duk suna cikin ƙaramar hukumar Kabo. A Godiya ne suka gamu da turjiya mai tsanani daga mai garin, Ɗan Tama, kafin garin ya faɗi. Wannan ya nuna Alwali bai rasa masu riƙon amana ba. Suna nan a bakin daji, nesa da fada, alhali masu fuska biyu suna zaune dab da kunnensa. Bayan Godiya sai Ƙaraye ta shiga hannun jama'ar, daga nan yaƙi ya bazu zuwa sauran sassan ƙasa. Babban karon a Ɗan Yaya aka yi shi, arewa da birni, wajen 1807. An ruwaito cewa a can ne Ɗan Tunku, wani shugaban Fulani da ke tare da Alwali, ya juya ya koma wa masu jihadi. Alwali ya nufi Zazzau, daga baya ya koma Burumburum, inda ajalinsa ya same shi.

To, me ya ba wa 'yan malamai da makiyaya da manoma galaba a kan rundunar sarki? A ganina abu uku ne. Na farko, kowa a cikinsu ya san abin da ya fito da shi daga gida, ya kuwa san idan aka kayar da su babu gidan komawa. Na biyu, sun san juna tun a zauren karatu, saboda haka kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya iya da abin da bai iya ba. Na uku, da yake babu mai iko a kan wani, tilas ne a zauna a yi shawara kafin a ɗaga ƙafa.

Mu da muka tashi a ƙauye mun ga irin wannan a wajen gayya. Samarin da suka zo gayya ba albashi ake biyansu ba, amma sukan nome a wuni ɗaya gonar da za ta ci wa 'yan ƙodago kwanaki. Dalili kuwa kowa ya san gobe gonarsa ko ta surukinsa za a je, makaɗi yana kiran sunan kowa, kuma kunyar kowa a fili take, rago ba shi da wurin ɓuya. Duk ma'aikatar da aka san aikin kowa, ake yaba wa mai ƙoƙari da sunansa, ma'aikata kuma suka ga rabonsu a cikin nasarar, to ta kama hanyar gayya.

Zaɓen Malam Sulaimanu

Cin yaƙi daban, riƙon ƙasa daban. Shawarar da ta yi amfani a sansani ba ta isa ta tafiyar da birni kamar Kano ba, dole a sami mutum guda da magana za ta ƙare a wurinsa. Manyan nan kuwa kowa yana ganin bai gaza ɗan'uwansa ba. An ruwaito cewa da aka kai maganar ga Shehu, sai aka tambaye su wanda ke yi musu limanci, suka ce Malam Sulaimanu, mutumin Munduɓawa. Shi aka naɗa, ya riƙi Kano har zuwa 1819.

Babu mai shakkar ilimin Malam Sulaimanu ko tsoron Allahnsa. Saboda gudun duniya ma da farko ƙin shiga Gidan Rumfa ya yi. Amma ba shi da yawan dangi da mayaƙa kamar waɗanda aka ɗora shi a kansu, su kuwa kowa ya kama yankin da ya ci da yaƙi ya riƙe, yana kallon sarki kamar tsaransa. Saboda haka ikon fada bai yi nisa ba a zamaninsa. A cikin wannan hali ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya iso Kano wajen 1807 da niyyar wucewa gabas, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Shi ma Shehu a cikin Kitabul Farƙi ya nuna cewa mulki a kan mutum huɗu yake tsayawa: waziri amintacce, alƙali marar tsoro, shugaban 'yan doka mai ƙwato wa raunana hakkinsu, da mai tara haraji wanda ba ya zalunci. Ashe ke nan shugabannin jihadi sun gane da wuri cewa kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa sai an sami ma'aikata.

Darasi biyu nake gani a nan. Ɗaya shi ne gwaninta a wani aiki ba ta nuna gwaninta a wani. Malamin da ya fi kowa iya koyarwa ba lalle ne ya iya riƙe makaranta ba, haka likitan da ya fi kowa iya fiɗa ba lalle ne ya iya tafiyar da asibiti ba. Na biyu kuwa, idan aka tsallake manya aka ɗauko wani aka ɗora, to aikin naɗi bai ƙare ba sai an san inda za a ajiye waɗanda aka tsallake, an kuma ba sabon shugaba ƙarfin da zai iya yin umarni a bi. Duk da haka Malam Sulaimanu ya yi abin da shugabanni kaɗan ne suke iyawa. An ruwaito cewa kafin rasuwarsa ya rubuta wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna masa wanda ya ga zai iya riƙe Kano, mutumin kuwa ba ɗansa ba ne, ba kuma danginsa ba. Shi ne Ibrahimu Dabo, wanda ya gaji Malam Jamo a shugabancin Sulluɓawa.

Tsarin Dabo

Dabo ya hau a 1819 ya tarar da ƙasa ta yamutse da tawaye. Mafi tsanani a ciki shi ne na Ɗan Tunku, mutumin nan da ya bar Alwali a Ɗan Yaya, wanda yake ganin ba a saka masa daidai da taimakonsa ba. Shekara da shekaru ana fafatawa. Baturen nan matafiyi Kilafatan, da ya zo Kano a 1824, a sansanin Fanisau ya sami Dabo saboda wannan yaƙi. A ƙarshe sai da Sakkwato ta shiga tsakani, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Wanda ya zo maka don rabo, ran da ya ga rabon bai ishe shi ba zai tafi, shi ya sa ya kamata mai ɗaukar ma'aikaci ya tambayi dalilin da ya raba shi da ubangidansa na farko. Haka kuma shugaban da ya manta da wanda ya taimake shi ranar wuya, shi ma ya sayi rigima da kuɗinsa.

Dabo ya murƙushe sauran masu tawaye har aka yi masa laƙabi da Cigari. Amma abin da ya fi takobinsa daɗewa shi ne tsarin da ya yi wa ma'aikatansa. Da izinin Sarkin Musulmi Bello ya farfaɗo da sarautun Kano na da, waɗanda masu jihadi suka yi wa kallon kayan Haɓe. A zamaninsa ne rabon ya zauna daram: Madaki a gidan Yolawa, Makama a gidan Joɓawa, Sarkin Bai a gidan Dambazawa, Sarkin Dawaki Mai Tuta a gidan Malam Jamo. Waɗannan huɗu su ne aka sani da masu zaɓen Sarkin Kano. Wato manyan da suke ganin kansu tsaran sarki, sai ga shi kowa ya sami matsayi sananne, da iyaka sananniya, da hannu a cikin zaɓen sarki na gaba, saboda haka rushe gidan ya zama hasara gare shi. Wasu sarautun kuma Dabo ya ba 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Sa'an nan ya kafa manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ba su da wani dangi mai neman gado, ba su kuma da wanda za su duba sai shi. Garuruwan bakin iyaka na yamma, irin su Gwarzo da Ƙaraye, su aka bar wa tsaron ƙasa daga hare-haren da ke zuwa daga wajen Maraɗi.

Tsarin ya yi ƙarko, gama Dabo ya yi mulki har 1846, kuma har yau zuriyarsa ce take sarautar Kano. Amma ba zan ce mu kwafe shi yadda yake ba. Bauta zalunci ce, ko da bawan ya hau doki da alkyabba. Muƙamin da ya zama gado kuma yakan faɗa hannun wanda bai iya ba, domin ba kullum ɗa yake gadon halin uba ba. Abin ɗauka a wurin Dabo shi ne ya gane cewa ba a kawar da masu ƙarfi ta hanyar yin kamar ba a gan su ba, sai dai a ba kowa aiki da iyaka, a kuma sami wasu amintattu waɗanda aikin kaɗai ne ya ɗaukaka su.

Naɗi Biyu da Suka Jawo Rigima

Kusan shekara hamsin bayan Dabo, Kano ta ga abin da naɗin son rai yake haifarwa. Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo ya yi ta tuɓe 'ya'yan wansa Abdullahi Maje Karofi daga sarautu don ya share wa ɗansa Tukur hanya. Da ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahmanu ya ce Tukur za a naɗa, saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu, duk da cewa Waziri Buhari yana Kano ya ga inda zukatan mutane suka karkata, ya kuma ba da shawarar a yi hattara. Aka naɗa Tukur, Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai, Yaƙin Basasa ya tashi. Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, Tukur kuwa aka kashe shi a Tafashiya a 1895. An biya bashin alheri da kujera, talakawan Kano suka biya sauran da jininsu.

Na biyun a zamanin Turawa ya faru, bayan sun ci Kano a 1903. Razdan Kagil, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki ya yi masa Waziri a 1908 ba da son Sarki Abbas ba, don ya sami wanda zai riƙa bi ta hannunsa. Ba a ce mutumin ba shi da wayo ko sanin aiki ba, amma an ɗora shi ne a inda sarki bai amince da shi ba, hakimai kuma ba su karɓe shi ba. A 1909 Razdan Tamful ya warware naɗin. Ma'aikacin da aka cusa don ya zama idon wani a kan shugabansa, ko ya iya aiki, zaman wurin ba zai yi daɗi ba.

Sai dai Mai Gunduma ya bar abu guda da ya shafe mu kai tsaye. Kafin zuwansa hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne ke kai da kawowa tsakaninsu da talakawa, abin da jakada ya ga dama kuwa shi hakimi zai ji. Da aka yanka ƙasa gunduma-gunduma aka tura kowane hakimi ya zauna cikin mutanensa, sai Gwarzo ta zama mazaunin hakimi. A hankali aka tara masa ma'aikatan En'e: alƙali, magatakarda, malaman haraji, dogarai, daga baya malamin gona da malamin daji da duba-gari, ga dagatai da masu unguwanni a ƙasa. Turawa don sauƙin tara haraji suka yi wannan, kuma zalunci bai ƙare ba saboda shi. Amma ya rage nisan da Magili ya yi gargaɗi a kai, domin yanzu talaka yana iya takawa da ƙafarsa ya ga mai mulkinsa. A gyaran 1976 Gwarzo tana cikin ƙananan hukumomi 20 na tsohuwar Jihar Kano, daga baya Kabo ita ma ta sami tata.

Aikin da Bai San Ɗan Wane Ba

Misalina na ƙarshe daga zamanin kusa yake. A 1980 wani ɗan Kabo, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air, wanda ya fara tashi a 1981, ya kuma yi shekaru yana jigilar fasinjoji da alhazai, har da manyan jirage samfurin Boeing 747. Na kawo wannan ne saboda tuƙin jirgin sama sana'a ce da take tilasta wa mai ita bin shawarar Magili ko yana so ko ba ya so. Mai kamfani yana iya ba ɗan ƙanwarsa aikin sayar da tikiti, amma ba ya ba shi kujerar matuƙi sai da lasisi da sa'o'in tashi da aka ƙidaya. Jirgi bai san ɗan wane ba.

Har ila yau wannan sana'a ta koya wa duniya darajar mataimaki mai iya magana. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu samfurin 747 suka yi karo cikin hazo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka hallaka. Bincike ya nuna cewa injiniyan ɗaya jirgin ya yi tambaya ko ɗayan ya riga ya bar hanya, amma babban matuƙi, wanda gogagge ne ƙwarai, ya ci gaba da tashi. Bayan wannan da irinsa ne kamfanonin jirage suka shiga horar da ma'aikatansu musamman, don ƙarami ya iya tsayar da babba idan ya hango haɗari, babba kuma ya saurara. Abin da Waziri Buhari ya nema a 1893 ke nan bai samu ba. Asibiti da makaranta da ofishin kuɗi ba su faɗowa daga sama kowa ya gani, shi ya sa muke yi musu sakaci, amma su ma suna faɗuwa, a hankali ne kawai.

Kammalawa

'Yan'uwa, waiwaye adon tafiya. Abin da na tsinta daga wannan tarihi shi ne, duk ranar da aka ba ɗayanmu ikon ɗaukar ma'aikata, ya fara rubuta aikin da halin da aikin yake bukata kafin ya dubi sunayen masu nema. Ya binciki amana kamar yadda yake bincikar takardar shaida, gama ba a ba kura ajiyar nama. Kada ya biya bashin da ke wuyansa da kujerar jama'a. In yana son saka alheri, ya saka daga aljihunsa. Wanda ya ɗauka, ya nuna masa aikinsa da iyakarsa, ya ba shi ƙarfin yin sa, ya yaba masa a gaban mutane idan ya yi daidai. Ya ajiye kusa da shi aƙalla mutum guda wanda zai iya ce masa bai yi daidai ba, kada kuma ya hukunta shi ran da ya faɗa. Sa'an nan ya riƙa fita da kansa yana ganin masu aiki a inda suke, domin Ɗan Tama na kowace ma'aikata yana can bakin daji, ba ya cikin masu zuwa gaisuwa kullum safiya.

Na san abin ba sauƙi. A ƙasarmu wanda ya ƙi ɗaukar ɗan'uwa akan ce ba shi da zumunci, kuma matsin da zai sha daga gida ya fi na ofis. Amma ɗan'uwan da ya cancanta ba ya bukatar alfarma, wanda bai cancanta ba kuwa ranar da ya yi ɓarna sunan wanda ya ɗauke shi za a kira. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya haɗa su da mataimaka masu gaya musu gaskiya, mu kuma idan namu lokacin ya zo ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.